Yadda ake gane tsohon tangaran na Sin mai tambarin gidajen Turawa

A ƙarni na 18, masu hali a Ingila, Holan da Sweden sukan aika zanen tambarin gidansu ta jiragen 'yan kasuwa zuwa Sin. A garin Jingdezhen na Sin ake gasa farantin, galibi a birnin Kanton mai tashar jiragen ruwa ake ɗora zanen, kuma saƙon kan kai shekara 2 kafin ya iso. Idan irinsa ya faɗo hannunka, ga yadda za ka bi shi.

Fara da kife shi. Gindin da yake zama a kai ba shi da ƙyalli, sau da yawa za ka ga ja-ja a gefe da 'yan ƙwayoyin rairayi. Na asali yawanci ba shi da hatimi ko ɗaya. In ka ga an rubuta "CHINA", na bayan 1890 ne, lokacin da Amurka ta wajabta sa sunan ƙasar da kaya suka fito.

Sai ka ɗaga shi wajen taga. Farinsa yana da ɗan shuɗi-shuɗi, fatarsa kuma ba sumul take ba, kamar ɓawon lemo. Shafa zanen da yatsa, ya kamata ka ji tudunsa.

Yanzu tambarin, nan ne za ka daɗe. Idan garkuwar da ke cikin tambarin a rabe take biyu daga sama zuwa ƙasa, ta hagunka alamar gidan miji ce, ta dama ta gidan matar. Gano auren, ka kusa gano shekarar farantin. Kada kuskure ya razana ka: mai zanen bai san harshen Latin da akan rubuta taken tambarin da shi ba, bai taɓa ganin zakin Turawa ba, don haka harafi kan juye, zaki ya fito kamar kare. Ni wannan ne ma ya fi taɓa ni, domin hannun mutum nake gani a wurin. Ruwan hoda mai yawa kuwa yana nuna bayan 1720 ne.

Yi hattara da na kamfanin Samson na Paris, wanda ya shahara da kwaikwayon irin wannan tangaran a ƙarni na 19 da na 20. Nasu ya fi fari da santsi, zanen ya cika tsaf.

Daga ƙarshe ɗora shi a kan yatsu ka ƙwanƙwasa a hankali. Lafiyayye zai yi ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga ko ɗori kuwa muryarsa a dishe take fita.