Kurakuran masu haɗa irin macijin boa da yadda za a gyara su

Macijin boa ɗan'uwan mesa ne na nesa. Ba shi da dafi, kuma macensa haihuwa take yi, ba ta saka ƙwai. A Amurka da Turai kiwonsa a gida ya zama sana'a, neman launi mai ɗaukar ido kuma ya sa wasu suna haɗa iri daban-daban barbara.

Kuskuren yakan fara ne tun wurin saye. Mutum ya ɗauka duk boa ɗaya ne, alhali Boa constrictor na Kudancin Amurka, irin na Suriname da Guyana mai jar wutsiya, daban yake da Boa imperator na Amurka ta Tsakiya da wani yanki na Kolombiya, wanda masana yanzu suke lissafa shi jinsi mai zaman kansa. A shaguna kuwa sau da yawa da suna ɗaya ake sayar da su. Kafin ka haɗa biyu, nemi takardar asalinsu da hotunan iyayensu. Wanda ba shi da takarda, rubuta cewa ba a san asalinsa ba, kada ka ba shi suna da ka.

Wasu kuma suna zaton ɗan ruwa biyu ba ya haihuwa, kamar alfadari. A boa ba haka ba ne. Yana haihuwa sarai, jinin da aka gauraya ya bi 'ya'ya da jikoki.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi ci mini rai: sayar da ɗan ruwa biyu ba tare da faɗin gaskiya ba. Dubi boan tsibiran Cayos Cochinos na Honduras, wanda 'yan kiwo ke kira Hog Island. Ƙarami ne, fatarsa fari-fari da ɗigo-ɗigo, launinsa yakan sauya tsakanin dare da rana. A shekarun 1980 an kwashe su da yawa zuwa kasuwa har suka kusa ƙarewa a can, daga baya aka sa tsibiran ƙarƙashin kariya. Ke nan waɗanda ke hannun masu kiwo amana ne. Amma aka yi ta haɗa su da boan Kolombiya. Jinsinsu ɗaya, gaskiya ne, sai dai kamannin tsibirin ne ke narkewa. Mai kiwo na farko wataƙila ya faɗa wa mai saye gaskiya, na biyu ya manta, na uku ya sayar da sunan tsantsa. Daga nan babu gyara, domin jinin da ya shiga ba ya fita. Maganin tun farko ne: a rubuta asalin uwa da uba a katin kowane maciji da rasidin ciniki, a sa masa ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, takardar ta bi shi duk hannun da ya koma.

Irin da ya yi ƙaranci, a ganina, bai kamata a taɓa shi ba sam. Boan Ajantina yana rukuni na ɗaya, mafi tsananin kariya, a yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, kuma ɗan ruwa biyun da ya fito daga jikinsa ba ya tsira daga tsauraran dokokin fitarwa don an gauraya shi.

Akwai kuma rashin lissafin 'ya'ya. Mace ɗaya takan zubo ashirin zuwa talatin a haihuwa guda, wani lokaci fiye da haka, kowanne kuma zai iya rayuwa shekara 20 zuwa 30, ya kai mita biyu ko ya zarce. Kaɗan ne za su fito da launin da kake buri. Sauran fa? Masu neman tsantsa ba sa so, masu neman ado ba sa so, sai su ƙare a ƙuntataccen keji ko a sake su a daji. Tsibirin Cozumel na Meziko da tsibirin Aruba na yankin Karibiyan sun ga abin da baƙon boa ke yi wa tsuntsaye. Idan ba ka da wurin riƙe duk abin da za a haifa, kada ka haɗa.

Ta fuskar lafiya, kada a jefa sabon maciji kejin mace ranar da ya iso. Cutar IBD, wata cuta mai yaɗuwa tsakanin macizai, takan ɓuya a jikin boa ba alama, kuma ba ta da magani. A killace shi aƙalla wata uku, a duba ƙananan ƙwarin da ke maƙale tsakanin ɓawon fatarsa, likitan dabbobi ya gwada jininsa. Mace ƙarama ko ramammiya a bar ta ta cika tukuna. Boa biyu masu zanen fata na gado da ake kira Motley ba a haɗa su, domin 'ya'yan da suka gaji zanen ta uwa da uba galibi ba sa daɗewa. Zabiyan Kahl da zabiyan Sharp kuwa, wato zuriya biyu daban ta zabiyan boa, in an haɗa su, 'ya'yan ba zabiya suke fitowa ba.