Yadda za ka buɗe faifan CD da hannu a Linux

Wani lokaci kana saka faifai ya buɗe da kansa. Idan ya ƙi, buɗe tagar umarni, wato Terminal.

Da farko rubuta lsblk -f. Nemi sr0, wato na'urar faifan, ka duba sunan tsarin fayil, wato yadda aka jera fayiloli a faifan, da ke gefensa. Yawancin faifan fayiloli iso9660 ne, tsarin da aka kafa a 1988. A matakinsa na farko sunan fayil ba ya wuce haruffa 8, sai 3 bayan ɗigo. Shi ya sa Microsoft ya yi wa tsarin ƙari mai suna Joliet mai ɗaukar haruffa 64, masu Unix (tsarin da Linux ya kwaikwaya) kuma suka kawo nasu ƙarin, Rock Ridge, mai riƙe dogayen sunaye da izinin fayil. Linux na karanta duka biyun. Idan ka ga udf, shi ne wanda aka fi samu a DVD.

Sai ka tanadi folda (sudo na ba ka ikon mai kula da kwamfutar): sudo mkdir /mnt/cd

Yanzu ɗora faifan a kanta: sudo mount -o ro /dev/sr0 /mnt/cd. Wannan ro na nufin karatu kawai. Leƙa cikin /mnt/cd, ga fayilolinka nan.

Amma fa idan faifan kiɗa ne, irin na rediyon mota, kada ka wahalar da kanka. Babu tsarin fayil a cikinsa, sautin a jere yake kawai, mount ba zai karɓe shi ba. Manhaja kamar VLC ce za ta kunna shi.

Idan ka gama, fita daga foldar tukuna, in ba haka ba Linux zai ce ana amfani da ita. Rubuta sudo umount /mnt/cd, sannan eject.