Yadda za ka sasanta magunan gidanka in sun fara faɗa

Kuskuren da nake gani kullum shi ne mutum ya samo sabuwar mage ya shigo da ita a kwali ya sauke ta a tsakar gida gaban wadda take gidan tun tana ƴar kyanwa, wai ai za su saba. Ni ma haka na yi wa muzuruna lokacin da aka ba ni wata ƴar baƙa, ko minti biyar ba a yi ba gashi ya tashi a falo, ita ta shige ƙarƙashin gado kwana biyu ba ci ba sha, shi kuma ya koma yi min fitsari a jikin labule.

Da farko dai ka tabbatar faɗan ne ba wasa ba. Wasa shiru suke yinsa, wannan ta kayar da waccan anjima waccan ta rama, in sun gaji su kwanta tare. Faɗa kuwa za ka ji gurnani da huci, kunnuwa sun kwanta baya, jela ta kumbura, kuma kullum ɗaya ce ke kora ɗaya ke gudu. Akwai ma na mugunta wanda ba a ji, ɗaya ta kame a bakin ƙofa tana zuba wa ƴar uwarta ido ta hana ta zuwa wurin abinci.

In sun kacame dan Allah kar ka sa hannu, a lokacin nan mage ba ta san ubangidanta ba. Ka zura kwali mai faɗi tsakaninsu ko ka jefa wa ɗaya bargo ka kwashe ta. Duka ba ya magani, tsoronka kawai za su ƙara da shi. In tsautsayi ya sa an cije ka, ruwa da sabulu kamar minti 15 sannan asibiti, musamman in magen mai yawon dare ce, don ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗaukarsa ba.

Toh yanzu ga aikin, a nan kowa ke faɗuwa. Ka raba musu ɗaki gaba ɗaya, ɗakin da ƙofarsa ke rufuwa, sito ma ya yi in babu maganin ɓera ko fiya-fiya a ciki, kowacce da abincinta da ruwanta da yashin da za ta yi kashi, kar su ga juna sam. Mage ta fi gane nata da hanci fiye da ido, shi ya sa za ka ga tana goga kumatunta a ƙafar kujera da ƙafarka, warinta take sa wa. Ka samu tsohuwar safa ka goga a kumatun ɗaya ka kai ɗakin ɗayar ka ajiye a ƙasa, kar ka tura mata a hanci, ka bar ta ta zo da kanta. Ranar farko za ta iya yi wa safar huci kamar ta ga kishiya, ba komai, gobe ka sake. Daga nan ka riƙa musanya musu tsumman kwanciya, sannan ɗakunan ma ka musanya na awa ɗaya ko biyu, wannan ta zaga gida waccan ta shiga ɗakinta. Abinci kuma lokaci ɗaya, kwano nan kwano can ƙofa a rufe tsakani, ka fara da nesa kullum kana matso da su kaɗan kaɗan har su iya ci a jikin ƙofar babu gurnani.

Ni a kwana na huɗu na buɗe ƙofa don na ga sun yi shiru, wallahi aikin ya dawo sabo har ya fi na farko wahala. Yanzu ƙasa da sati biyu ba na buɗewa ko da sun nuna min hali na gari, kuma ka gaya wa yaran gida, don su ne masu buɗewa su ga abin da zai faru. In lokaci ya yi ka buɗe kamar faɗin yatsa biyu ka tokare da dutse, ko ƙofar raga in kana da ita, su ga juna suna cin wani abu mai daɗi, ɗan kifi da aka cire wa ƙaya. Minti biyar ya isa, ka rufe tun ana zaman lafiya. Wadda ta fara ƙura ido ko jelarta ta fara bugun ƙasa, a koma matakin baya.

Bayan sun haɗu kar ka koma kwano ɗaya. Kowacce nata, a kusurwa daban ba a jere ba. Wurin kashi kuma adadin magunan ka ƙara ɗaya, mage biyu roba uku. Ba sai ka sayi yashin kanti mai tsada ba, yashin gini da tsohon baho ni suke yi min, sai dai ka riƙa kwashewa kullum. Ka bar musu wurin hawa, saman sif ko wani katako a bango, wadda ta gaji da rigima ta haye can. Akwai Feliway, wani abu da ake jonawa a soket yana fitar da warin da ke kwantar wa maguna da hankali, da tsadarsa da halin wutarmu ni dai ban saya ba.

Muzuru biyu da ba a dandaƙe ba kuwa duk abin nan ɓata lokaci ne, ka kai su likitan dabbobi, tun suna wata biyar zuwa shida ma ya fi. In kuma da ma suna shiri rana ɗaya suka juya wa juna, ka duba ko ɗaya na ciwo, ko wani muzurun unguwa ke leƙo su ta katanga suna hucewa a kan juna, ko an dawo da ɗaya daga asibiti da warin magani. Cizo yakan rufe a sama ya tara mugunya bayan ƴan kwanaki, ka shafa jikinsu ka ji kumburi. Ka wanke da ruwan ɗumi da gishiri, banda Dettol da Izal, kuma kar ka kuskura ka ba mage Panadol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. In an yi wata uku ɗaya na nan a ɓoye tana ramewa, ka nemo mata gidan da za ta zauna ita kaɗai.