Yadda Za Ka Fara Koyon Tsaron Kwamfuta Tare da Harsunan Waje Daga Nan Katsina

Yawancin matasan da ke zuwa da sha'awar tsaron kwamfuta wuri ɗaya suke tuntuɓe. Yaro zai kalli bidiyo a YouTube, ya ƙona datarsa wajen sauko da Kali Linux, wani tsarin gudanar da kwamfuta kamar Windows da aka cika da kayan gwajin kutse, ya buɗe baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni ya kwafi umarnin da ya gani. Allon ya mayar masa da layi biyu na Turanci, shi ke nan tafiya ta tsaya. Bayan mako biyu sai ka ji yana cewa kwamfutarsa ce ba ta da ƙarfi, alhali lafiyarta lau, amsar da ta ba shi ce bai iya karantawa ba. Shi ya sa ni ba na raba koyon tsaron kwamfuta da koyon harshe. Ga yadda nake ɗora duk wanda ya zo mini.

Na farko: kulle ƙofarka

Kafin ka yi maganar tsare kowa, sa wa WhatsApp ɗinka lambar sirri ta mataki na biyu, ka yi haka a Gmail da Facebook, ka sa wa layinka lambar kulle. Kowane asusu da tasa kalmar sirrin, ka tara su a manhajar adana kalmomin sirri irin Bitwarden, kyauta ce. Sannan ka zauna da Baba da Inna ka fahimtar da su cewa banki ba ya kira ya tambayi lambar da aka turo ta saƙo ko lambar katin ATM. Aikin yini ɗaya ne.

Na biyu: Linux, amma ba Kali ba

Kali kayan aikin wanda ya riga ya ƙware ne. Kai ka sa Ubuntu, wani Linux mai sauƙi, a cikin VirtualBox, manhajar da ke buɗe maka kwamfuta ta biyu a cikin taka, yadda ko ka ɓata wani abu za ka goge ka sake ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba. Idan za ka sayi kwamfuta ta hannu, nemi mai RAM 8GB, kuma ka fi sa ido a kan batir fiye da kyan murfi, don ka san halin wutarmu. Manyan fayiloli ka sauko da su da datar dare, ko ka kwafa a filashi wurin wanda ya riga ya sauko. Wanda ba shi da kwamfuta kada ya zauna jira, ya sa manhajar Termux a wayarsa ta Android, daga rumbun manhajoji na F-Droid. Ana koyon umarnin Linux da yawa a ciki.

Na uku: Turancin karatu

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan zan daɗe. Ba Turancin surutu nake nufi ba, ba kuma na cin jarrabawar WAEC ba. Na ga masu kiredit a Turanci da suka kasa fahimtar shafi ɗaya na bayanin manhaja, domin a makaranta haddar amsa aka koya mana. A wannan fage kuwa takardun bayani, rahotannin ɓarakar da aka gano a manhajoji da tambayoyin jarrabawa kusan duk da Turanci suke fitowa.

Sayi littafin rubutu na musamman. Duk lokacin da allon ya ƙi umarninka, kada ka rufe, kada kuma ka ruga YouTube. Kwafi saƙon da hannunka, ka rubuta ma'anarsa da Hausa a ƙasa, sannan abin da ya gyara matsalar. Za ka ga saƙonni kaɗan ne ke ta maimaituwa. "Permission denied" na nufin ba ka da izinin taɓa fayil ɗin, "command not found" kuma ko ka yi kuskuren harafi ko manhajar ba ta cikin na'urar. "No such file or directory" yawanci kana tsaye a wata jakar fayiloli (folder) ne kana kiran abin da ke wata. Wanda ya cika shafi 20 da irin wannan ya wuce wanda ya kalli bidiyo ɗari.

Wurin gwaji shi ne wasan Bandit na shafin OverTheWire. Kyauta ne, ba ya cin data sosai, kuma don a yi kutse a cikinsa aka gina shi. Za ka shiga ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, kowane mataki akwai kalmar sirrin mataki na gaba a ɓoye, kai ne za ka tono ta. A shafin kowane mataki akwai ɗan bayani da jerin umarnin da za su taimaka. Dokata ita ce ka karanta bayanin sau biyu, ka buɗe littafin jagora na umarnin ta hanyar rubuta man da sunansa, kamar man ls ko man grep, ka yi ta kokawa har awa guda kafin ka tambayi kowa. Amsoshin duk suna intanet, amma wanda ya kwafo su ya zalunci kansa.

Manhajar fassara kuwa, kalma ɗaya-ɗaya za ka riƙa ba ta. Idan ka zuba mata shafi guda ta juya maka Hausa, yau ka fahimta, gobe kana nan inda kake. Kalmomin da ka tara ka zuba su a Anki, manhajar bitar kalmomi, kyauta ce a Android, ka riƙa bitarsu minti 15 bayan sallar asuba kafin hayaniyar gida ta tashi.

Abu na ƙarshe a wannan matakin, wanda kusan kowa ke tsallakewa: duk matakin da ka ci a Bandit, rubuta layi biyar da Turanci kan abin da ka tarar, abin da ka gwada, da abin da ya yi aiki. Ko da kurakurai, rubuta. Mai wannan sana'a rahoto yake miƙa wa kamfani, kuma da rahoton ake auna shi.

Na huɗu: yadda na'urori ke magana da juna

Ka san mene ne adireshin IP, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, yadda tsarin DNS ke mayar da sunan shafi wannan lamba, da dalilin da SSH ke bi ta ƙofa (port) ta 22, shafukan intanet kuma ta 80 da 443. Sa manhajar Wireshark ka kalli abin da ke fita daga kwamfutarka lokacin da ka buɗe shafi. Cisco Networking Academy na da darussan farko kyauta. Daga nan sai Python, harshen rubuta manhaja, daidai gwargwadon da za ka karanta ƙaramin shiri ka gane abin da yake yi.

Na biyar: harshe na biyu

Kada ka taɓa shi sai ka yi kamar wata shida a kan Turanci. Wasu na cewa Rashanci ko Sinanci za su koya saboda sun ji can masu kutse suke. Da wa za ka yi magana da su a Ƙofar Ƙaura? Ga ɗan Katsina ko Daura, Faransanci ne zaɓi. Maraɗi na bayan Jibiya, ta Kongolam kuma hanyar Damagaram ce. Ko da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, Faransanci na nan cikin harsunan aiki, haka a Chadi, Benin da Kamaru. Mai Hausa da Turanci da Faransanci, ga ilimin tsaron kwamfuta, ba shi da yawa a wannan yanki.

Duolingo ɗanɗano ne kawai, kada ka dogara da shi. Gidan rediyon RFI na da labaran minti 10 cikin sauƙaƙan Faransanci tare da rubutunsu a shafinsu. Saurara kana bin rubutun, sannan ka sake saurara ba ka kallo. Samu ɗan Nijar da ya yi boko, a kasuwa ko cikin ɗaliban jami'a, ka roƙe shi ya hana ka Hausa na rabin awa, don in ba haka ba da Hausa za ku ƙare hirar. Wanda kuma ya yi nisa a Islamiyya, Larabcinsa jari ne, ya ƙara da na jarida.

Na shida: gwaji da doka

Yanzu ne lokacin Kali da Nmap, manhajar da ke binciko ƙofofin da ke buɗe a na'ura. Gwada su a kan Metasploitable, wani Linux da aka bar wa ɓaraka da gangan don gwaji, cikin kwamfutarka, ko a shafukan atisaye na TryHackMe da picoCTF. Wi-Fi na makaranta, shafin jami'a, asusun abokinka, duk haramun ne a gare ka sai da izini a rubuce. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri da tara, kuma "gwaji nake yi" ba hujja ba ce a kotu. Za a zo maka da roƙon ka buɗe wayar matar wani ko Facebook ɗin budurwa, har da tayin kuɗi. Ka ce a'a tun a karon farko.

Takardar shaida irin Security+ da dala ake biyanta, kada ka matsa wa iyaye tukuna. Ka sa ido a kan shirin 3MTT na gwamnatin tarayya na horar da matasa fasahar zamani, akwai fannin tsaron intanet a ciki, kuma idan kana Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Hassan Usman, nemi mutum biyu ku riƙa haɗuwa duk Asabar kuna duba rahotannin juna.