Yadda ake zaɓe da adana tsofaffin dawakin roba na sojojin wasa

Kafin ka biya kuɗin doki, auna shi. Sojojin roba irin G.I. Joe da kamfanin Hasbro ya fitar a Amurka a 1964, da Action Man na Palitoy da ya biyo baya a Ingila a 1966, tsayinsu kamar santimita 30 ne, wato kashi ɗaya cikin shida na mutum. Dokin da zai ɗauke su sai ya kai santimita 25 zuwa 27 daga kofato zuwa doron kafaɗa. Nan sababbin shiga ke yin asara: su ga dokin kamfanin Breyer mai kyan ƙira su saya, alhali shi kashi ɗaya cikin tara ne. In ka ɗora soja a kai sai ka ga ƙato bisa jaki.

Wanda ya fi sauƙin samu shi ne Thunderbolt na kamfanin Marx, da aka yi wa kaboyin roba Johnny West a 1965. Ba don soja aka ƙera shi ba, amma girmansa ya dace, akwai akawal, akwai gunya. Comanche na Marx ɗin yana da gaɓoɓi masu lanƙwasuwa, sai dai in sun saki ba ya tsayuwa. Ka nemi mai sayarwa ya tsayar da shi ba jingina, ya ɗauko hoto. Palitoy ma ya yi wa Action Man nasa dokin a shekarun 1970, don kayan dakarun fadar Ingila irin su Life Guards.

Duba kunnuwa da ƙarshen wutsiya, su ke fara karyewa. Bi layin da aka haɗa ɓarin jiki biyu, daga wuya har ciki, ko ya buɗe.

Sannan a cire sirdi a ga bayan dokin, don babbar ɓarnar a nan take ɓuya. Jikin dawakin Marx roba ce mai tauri, sirdi da linzami kuwa roba mai laushi. Sinadarin da ke sa ta laushi yana tsatsowa a hankali ya narkar da wurin da ya taɓa, ya bar shatin majayi da likkafa a jiki. Tabon ba ya wankuwa. Ƙarami ana iya goge shi da samfefa mai laushi sosai, amma ƙyallin wurin ya tafi ke nan. Doki mai irin wannan tabo bai kamata a saye shi farashin lafiyayye ba, kome cikar kayansa.

Saboda haka kada ka ajiye shi ɗaure da sirdi. In don nuni ne, yanka ƙyallen auduga ka shimfiɗa kamar jalala, ka naɗe majayin ma. In ajiya ce, kayan hawa su shiga ambulan ɗin takarda daban. Zafi yana hanzarta narkewar, hasken rana kuma yana mai da fari ruwan ɗorawa, don haka ɗakin kwano da gefen taga ba wurinsa ba ne.

Wanki: ruwa mai ɗumi-ɗumi, ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke, tsohon buroshin haƙori. Kada fetur ko maganin goge jan farce su kusance shi, suna cin robar nan take. Layin da ya buɗe a sa masa gam ɗin roba kaɗan da tsinke, a ɗaure da kyauro bisa ƙyalle, a bar shi ya kwana.