Yadda Za Ku Fara Neman Burbushin Halittun Da Tare da Yara

1. Ku fara sanin ƙasarku. Manyan duwatsun Dutse da Birnin Kudu daga narkakken dutse suka samu, babu ƙashi ko ɓawon halitta a cikinsu, don haka kada ku wahalar da yara a kansu. Burbushi, wato ragowar ƙashi ko ɓawon halittar da ta mutu tun zamanin da, yana zama ne a dutsen da laka ko yashi suka taru suka daskare, irin farin dutsen Ashaka a Gombe da na Kalambaina a Sakkwato, wuraren da teku ya taɓa rufewa.

2. Ku koya wa yara kallon dutse tun daga gida. Bayan ruwa ya ɗauke, ku bi bakin rafi, amma da izinin mai gona. Ku nisanci gindin kwazazzabo, yana rufzawa.

3. Ku riƙe tsohon burushin haƙori, da jarida ta naɗewa, da littafi.

4. Ku nemi zane mai tsari: naɗi irin na katantanwa, ko layuka a jere. Yaro ya rubuta inda ya tsinta, a ɗauki hoto da ashana a gefe don a gane girmansa.

5. In kun ga babban ƙashi, kada ku tono shi. Ku sanar da mai unguwa da gidan tarihi na Gidan Makama a Kano.