Yadda Ake Nazarin Zaman Tare na Ƙwarin Karabid a Filin Ciyawa

Duk wanda ya taɓa ɗaga dutse ko ruɓaɓɓen itace a filin ciyawa, da wuya bai ga wani baƙin ƙwaro mai sheƙi da dogayen ƙafafu ya zura a guje ya shige gindin ciyawa ba. Galibi irin wannan ƙwaro ɗan dangin Carabidae ne, wato ƙwarin karabid, waɗanda masana suka tantance nau'o'insu kusan 40,000 a duniya. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masu nazari kai shi ne yadda ake samun nau'o'i masu yawa, wani lokaci har gommai, a fili guda, yawancinsu mafarauta, kuma duk a doron ƙasa ɗaya suke neman abinci. Tun a 1934 masanin Rasha Georgy Gause ya nuna a ɗakin gwaji cewa nau'o'i biyu da suka dogara kacokan ga abu guda ba sa daɗewa tare, dole ɗaya ya kori ɗaya. To, me ya hana waɗannan ƙwari korar juna? Ana iya bin diddigin amsar da kayan aiki masu sauƙi, muddin za a yi haƙuri a kuma kiyaye tsari.

Aikin yana farawa ne da sanin filin kansa. A idon mutum filin ciyawa duk ɗaya ne, amma ga ƙwaron da tsawonsa bai wuce santimita ɗaya ba, bambancin da ke tsakanin tsiraicin ƙasa mai zafi da gindin ciyawa mai duhu da laima babban bambanci ne. Saboda haka, kafin a haƙa rami ko ɗaya, ya kamata a zagaya filin a zana taswirarsa, a nuna inda ciyawa ta yi tsayi, inda dabbobi suka cinye ta har ƙasa, inda ruwa ke kwanciya, da inda busasshen ganye ya taru. A kowane wuri a auna tsawon ciyawa, a kimanta yawan ƙasar da ba ta da rufi, a kuma duba ko yashi ce ko laka. Wanda ya tsallake wannan mataki zai tara ƙwari da yawa, amma ba zai iya faɗin dalilin da ya sa kowanne yake inda yake ba.

Babban kayan aikin shi ne tarkon rami. Ana samun kofunan roba biyu masu faɗin baki kamar santimita 8 zuwa 10, a saka ɗaya cikin ɗaya, a binne su har sai bakin ya yi daidai da fuskar ƙasa. Amfanin kofi biyu shi ne a riƙa zare na ciki ana juye abin da ya faɗa ba tare da rushe ramin ba. Wurin da ya fi bukatar kulawa shi ne bakin kofin. Idan ya ɗago sama da ƙasa ko da ɗan kaɗan ne, manyan ƙwari za su haura su faɗa, ƙanana kuwa irin su Bembidion za su ci karo da shi su kauce, sai sakamakon ya nuna kamar babu su a filin. A danna ƙasa da yatsa a kewayen bakin, a cike duk wata kafa, sannan a kafa ɗan rufi a kan ƙusoshi santimita kaɗan sama da kofin don tare ruwan sama. Yana da kyau a shimfiɗa ragar waya mai manyan idanu a kan bakin, domin kada kwaɗi, ƙadangaru da jaɓa su faɗa su mutu a banza. Tsakanin tarko da tarko a bar aƙalla mita 10, a kuma zuba tarkuna da dama a kowane irin wuri, don tarko guda ba ya isa shaida. Bayan an haƙa, a rufe kofunan na 'yan kwanaki kafin a fara ƙidaya, saboda sabuwar ƙasar da aka tona tana ƙara kai-komon ƙwari a wurin.

Idan ana son adana abin da aka kama, ana zuba ruwan gishiri mai kauri ko sinadarin firofilin gilaikol a gindin kofi, tare da ɗigon sabulun ruwa don ƙwarin su nutse. A guji etilin gilaikol, domin guba ne ga dabbobin da za su lasa. Ni dai na fi son tarko busasshe a duk inda mai nazari zai iya zuwa kullum: a sa ɗan ganye mai laima a ciki, a duba, a rubuta, a saki. Illarsa ɗaya ita ce manyan sukan cinye ƙanana idan aka bar su tare na dogon lokaci.

Daga nan sai batun lokaci, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin. Mafi yawan karabid da dare suke fita, amma ba duka ba, kuma ba za a gane haka ba sai an duba tarkuna sau biyu a yini, da asuba da kuma dab da faɗuwar rana, ana ware kamun dare da na rana. A filayen Turai misali, Poecilus cupreus, mai sheƙin kore ko na jan ƙarfe, da rana yake yawo, shi kuwa baƙin Pterostichus melanarius sai dare ya yi. Suna iya bin hanya ɗaya a tsakanin ciyawa ba tare da sun cika haɗuwa ba. Sau da yawa launi ma yana ba da haske, don masu sheƙin ƙarfe sun fi karkata ga rana, baƙaƙe da masu ruwan ƙasa-ƙasa kuma ga dare, ko da yake ba doka ba ce.

Rabon lokaci bai tsaya a yini ba, ya kai ga shekara. A 1939 masanin Denmak Sven Larsson ya kasa karabid zuwa manyan rukunoni bisa lokacin haihuwa. Wasu suna saka ƙwai bayan sanyi ya wuce, tsutsotsinsu su girma a watannin zafi, su shiga hunturu suna manya. Wasu kuma sai ƙarshen zafi suke haihuwa, tsutsotsin ne ke jure hunturu a cikin ƙasa. Nau'o'i biyun da aka ambata a sama sun faɗa rukunoni daban-daban, na farko yana cikin masu haihuwa da wuri, na biyu cikin masu jinkiri. Ke nan lokacin da tsutsotsin ɗaya suka fi bukatar abinci ba shi ne na ɗayan ba. A yankuna masu zafi kuwa, zuwan ruwan sama da ɗaukewarsa ne suka fi tsara fitowar ƙwarin. Ko a ina ne, dole a ci gaba da sa tarko tun daga farkon lokacin fitowarsu har ƙarshensa, domin kamun mako biyu kawai zai nuna wani ɓangare na mazauna filin ya ɓoye sauran.

Duk ƙwaron da aka kama a auna tsawonsa, a kuma duba kansa da gilashin ƙara girma, domin siffar kai tana ba da labarin abinci. Manyan Carabus suna farautar tana da dodon koɗi, Cychrus kuma yana da siririn kai mai tsawo da yake zurawa cikin ɓawon katantanwa. Notiophilus ɗan ƙarami ne mai manyan idanu da suka cika gefen kansa, yana farautar ƙananan halittu masu tsalle na rukunin Collembola da gani, da rana. Loricera pilicornis ma su yake ci, amma da wata dabara ta daban: ƙahonninsa na ji suna da dogayen gasu masu tauri, yana haɗa su ya ritsa abin farautar a tsakani. Su kuwa Harpalus da Amara muƙamuƙansu gajeru ne masu ƙarfi, kuma ƙwayoyin irin ciyawa na da babban kaso a abincinsu. Ana iya gwada wannan a fili ta hanyar manna ƙwayoyin iri a kan takarda mai kaushi, a kife raga a kai don hana tsuntsaye da ɓeraye, a dawo a ƙirga abin da ya ɓace. Tantance suna har zuwa nau'i yana da wahala, musamman a cikin Amara da suke kama da juna ƙwarai, don haka a ajiye samfuri a etanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, a nemi littafin tantancewa na yankin ko taimakon masani.

A ɗaga sulken bayan ƙwaron ma a duba fikafikai. Wasu nau'o'in suna da cikakkun fikafikai suna tashi, wasu nasu sun ƙanƙance, a wasu kuma ana samun iri biyun a nau'i guda. Piet den Boer, wanda ya shafe shekaru gommai yana sa tarkuna a tashar bincike ta Wijster a ƙasar Holan, ya nuna cewa ƙananan gungun karabid kan ƙare a wani wuri, sannan wasu su zo daga wani wurin su sake zama. Wannan yana nufin cewa wani nau'in da aka samu a fili ba lallai ne ya yi zaman dindindin da maƙwabtansa ba, mai yiwuwa shigowa yake yi a kai a kai daga waje.

Idan bayanai suka taru, a tsara su a jadawali, tarkuna a gefe ɗaya, nau'o'i a ɗaya gefen. Abu biyu ne ya wajaba a riƙe a nan. Na farko, tarkon rami ba ya ƙirga yawan ƙwari tsantsa, yana haɗa yawansu ne da yawan yawonsu. Babban ƙwaro mai saurin gudu ya fi faɗawa, kuma a ciyawa mai cunkoso tafiya kan yi wuya, sai kamu ya ragu ko da ƙwarin na nan. Wanda ke son kusantar ainihin adadi sai ya ɗiga fenti a sulken waɗanda ya kama, ya sake su, ya ga kaso nawa ne zai sake faɗawa.

Na biyu shi ne ya fi muhimmanci. Ganin nau'o'i biyu ba sa haɗuwa a tarko ɗaya ba hujja ba ce cewa gasa ce ta raba su. Mai yiwuwa ɗaya laima yake so, ɗayan kuma bushewa, ko kuma dace ne kawai. An yi doguwar muhawara a kan wannan bayan masani Jared Diamond ya fassara irin wannan rarrabuwa a tsuntsayen tsibiran da ke kusa da Sabuwar Gini a matsayin sakamakon gasa a 1975, sai masana Edward Connor da Daniel Simberloff suka ƙalubalance shi a 1979. Darasin da ya fito daga nan shi ne a sa kwamfuta ta hargitsa jadawalin sau dubbai, a kwatanta abin da aka gani a fili da abin da dace kaɗai zai iya haifarwa. Game da karabid kuwa, a 1993 masani Jari Niemelä ya bi binciken da aka yi a baya, ya ga cewa ƙwararan hujjojin gasa tsakanin nau'o'i ba su da yawa. Hanyar da ta fi gamsarwa ita ce gwaji: a kewaye ƙananan wurare da falle-fallen ƙarfe da aka nutsa cikin ƙasa, a sa nau'i ɗaya shi kaɗai a wasu, nau'o'i biyu a wasu, sannan a kwatanta nauyin jikinsu, yawan ƙwansu da adadin waɗanda suka rayu.

Akwai kuma ɓangaren da tarkon rami ba ya gani sosai, wato tsutsotsi. Jikinsu mai laushi ne, bushewa na kashe su da sauri, ba sa iya yin nisa don neman abinci, kuma suna cin junansu. Idan akwai matsi na gaskiya tsakanin nau'o'i, da alama a nan ya fi tsanani, shi ya sa ya dace a riƙa ɗibar ƙasa da bututu ana tankaɗewa a duba su. A ƙarshe, a rubuta ranar duk wani yankan ciyawa, kiwo ko gobara da ya shafi filin a lokacin nazarin, domin kowannensu yana sauya tsawon ciyawa da laimar ƙasa cikin kwana ɗaya, kuma ba za a fahimci sauyin da ya biyo baya a tarkuna ba sai da waɗannan ranaku a hannu.